Aljihu na Bakwai

Zuwa ga Juwairiyya, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan gonar da ta gaji da jira, inuwar tsamiyar da nake fakewa idan rana ta take! Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga Gusau, daga wanda ƙafarsa ta san hanyar Bungudu fiye da ta gidansu.

Yau Laraba da hantsi nake rubuto miki, ina zaune a tabarma tsakiyar shago, kayan hoto baje a gabana. Gobe zan tafi Bilbis in ɗauki manoman wata ƙungiya hoton katin shaida, jibi akwai ɗaurin aure a Tsafe bayan an sauko Juma'a, ranar Asabar kuma sai ƙofar gidanku. Kwana uku ba shago, ba komawa ɗauko abin da aka bari. Kin ji gabana ya faɗi? Ko kusa! Ai jakar da kika ɗinka mini tana gefena.

Kin tuna bara, ranar saukar ƙanwarki Hauwa'u? Na shigo gidanku da sabon kaftani, kyamara rataye a wuya, ina taku kamar ni na ƙera ta. Hoto tara na ɗauka ta rufe ido. Na zazzage jaka kaf, ashe sauran baturan, cike fal da caji, suna can maƙale a caja jikin bangon shago. Na hau babur na zo Gusau na koma, gumi har cikin takalmi, na tarar Hauwa'u ta karanta allonta, an shafa fatiha, ana naɗe tabarmi. Kallo ɗaya Babanku ya yi mini, har yau ina jin sa a ƙeya.

A cikin wannan kunyar na fara ganinki. Kika fito da kofin ruwa, kina danne dariya da bakin mayafi, kika tambaye ni wai kayan aikin nawa guda nawa ne. Na kasa ƙirgawa! Wace irin mace ce ke ganin mutum a ranar da ya fi kowa wauta, ta kuma tsaya yi masa lissafin gyara? Bayan mako biyu direban motar Bungudu ya miƙo mini jaka, ɗinkin kekenki, aljihu bakwai, shida an rubuta sunan abin da zai shiga kowanne da zare. Tun ranar zuciyata ta tare a Bungudu, gangar jiki kawai ke buɗe shago a Gusau.

To ga yadda nake shiri yanzu, ki ji ki san ɗalibinki ya haddace. Ba na saka abu sai na kunna shi na ga yana aiki, na kira sunansa da baki. Kyamara ta shiga babban aljihu, na goge gilasanta biyu na naɗe su a tsumma mai laushi. Fitila ta shiga, na gwada ta har sai da ta kashe mini ido. Wayoyi da caja sun shiga nasu. Memori uku na ajiyar hotuna, na kwashe aikin da ke ciki na bar su wayam. Ƙaramar firinta da takardunta na sa su a leda tukuna, don hadari na iya haɗuwa kafin mu wuce Kwatarkwashi. Farin labulen da manoma za su tsaya a gabansa na naɗe shi da ƙafar kyamara na ɗaure a bayan jaka, har da igiya da ƙusoshi, don na taɓa zuwa ƙauyen da na rasa inda zan rataya shi. Sai aljihun batura, wanda kika ɗinke bakinsa da jan zare don tsiya. Shida na zuba, kowanne na gwada shi sau biyu. Ki yi dariyarki, gimbiya, na amsa laifina.

Na san abin da ke jirana. Da na nemi izinin turo magabatana, Baba ya ce mutumin da ya bar ran sana'arsa a bango bai kai a damƙa masa 'ya ba tukuna. Maganar ta yi mini ciwo, amma gaskiya ya faɗa. Yanzu ga shi Inna, mahaifiyarsa, wadda ba a taɓa ɗaukarta hoto ba tun da Allah ya halicce ta, ta yarda ta zauna sau ɗaya tak tsakiyar jikokinta ranar Asabar bayan azahar. Kuma Baba da bakinsa ya ce a kira yaron nan mai mantuwa. Kin ce mini bayanta ba ya jure zama, idan ta tashi shi ke nan, ba za a sake ba. Na kuma gane cewa ba Inna kaɗai za a duba a ranar ba. Idan hoton ya fito, kawuna Mahadi zai zo da goro. Idan bai fito ba, ni da kaina zan ji kunyar sake yi muku sallama.

Zai fito, Juwairiyya, da yardar Allah! Na ware batir ɗaya da memori ɗaya na Inna, ko ango ya roƙe ni a Tsafe ba zan taɓa su ba. Zan iso tun kafin azahar in duba inda haske ke sauka a tsakar gidanku, in jera jikoki, in gama komai, sannan a fito da ita. Kafin ta ce ta gaji na gama. Motar da za ta kawo ni daga Tsafe dole ta ratsa Gusau, ta gaban shagon nan ma, amma na yanke shawarar damƙa wa maƙwabcina Victor mai gyaran waya makulli, kada ya ba ni sai Lahadi ko da kuka na zo masa. Ina so Baba ya ga abin da na ɗauko tun yau ya isa.

Saura aljihu na bakwai, ɗan ƙaramin nan na ciki da kika bari ba suna. Sau nawa na tambaye ki na mene ne kika ƙi faɗa? To na sama masa aiki. Na sayi sabon memori, ko ledarsa ban ɓare ba, na sa shi a ciki. Ya hasken ranata, fuskoki dubu nawa suka bi ta kyamarar nan, amare da jarirai da tsofaffi, amma babu taki ko ɗaya! Kin rantse ba zan ɗauke ki ba sai an shafa fatihar aurenmu. Na ji, na bi, ko da yake kewarki na cin raina kullum na zauna gyaran hotunan matan wasu. Wannan memorin naki ne. Zai je Bilbis, zai je Tsafe, zai shigo gidanku ranar Asabar ya fita a rufe, ya ci gaba da jira kamar yadda mai shi ke jira.

Na zuge jaka yanzu. Na ɗaga kai na dubi bango sau uku, babu abin da ke maƙale. Ki gaya wa Inna ta fito da zanen da ta fi so, ki gaida Baba da Hauwa'u, ki ce mata ina sane da hoton da na hana ta. Ke kuma ki tanadi kofin ruwan nan, amma wannan karon ki zo da shi ba dariya.

Naki, yau da gobe, har ranar da hannuna zai kasa ɗaga kyamara, da bayan nan ma,

Mannir