Kan Sarkin Baba a Cikin Leda

Kakuri, Kaduna.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Kai da ka yi shekara talatin da ɗoriya kana tantance wasiƙun mutane a gidan waya, ka fi kowa sanin akwai adireshin da jakar wasiƙu ba ta zuwa. Amma dole in rubuta, don idan na buɗe baki a gidan nan da abin da ke cikina, sai an tara mini dangi.

Umma tana nan lafiya, ta fita takaba, sai dai ƙafar ce har yanzu. Rufin ɗakinka da ke yoyo an gyara. Ni kuma ina nan ina koyarwa a makarantar nan ta Kamazou. Labarin kirki ya ƙare ke nan. Sauran shi ne, ɗanka ya kashe kundin kan sarkinka, kuma har yau yana jiran a yi masa godiya.

Ka tuna sati biyu kafin rasuwarka, ka kama hannuna ka ce in kai wa abokinka Baba Gyang kundin nan a Unguwar Boro, yadda yake, kada a cire ko ɗaya, kada a sauya wa ko ɗaya wuri. Na ce to. Ka ce shi kaɗai ya rage a garin nan da zai san abin da ke hannunsa. Gaskiyarka. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a masaƙa yana buga zane a jikin atamfa ai ba za a koya masa tawada ba. Duk Asabar yana zaure tare da kai, da hantsaki da madubin ƙara girma, kuna musu a kan takardar da ba ta kai faɗin babban yatsa ba. Ko lokacin da gari ya yamutse mutane suka daina shiga unguwannin juna, shi bai fasa zuwa ba.

Ban kai masa da wuri ba. Na ce bari a yi sadakar arba'in tukuna, kada a ce ko kuka ba a gama ba na fara fitar da kaya. Wannan kunyar banzar ce ta cuce ni.

Yaya Nasiru ya iso daga Abuja kwana uku kafin sadakar, da babbar riga mai sitaci da ƙamshin turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Baba, sau nawa ya zo duba ka a shekara biyun da idonka ya mutu? Ni na ƙirga, amma ba zan faɗa ba, kada in ɓata maka kwanciya. Ina makaranta ya karɓi makullin kabad a hannun Umma, wai yana so ya shirya wa jama'a abin mamaki don tunawa da kai. Mutumin da bai taɓa lasar bayan kan sarki ya liƙa a ambulan ba, shi ne ya zama magajin sana'arka a yini ɗaya.

Da ya tambaye ni, da na gaya masa abin da yaro ɗan firamare zai gane. Da na gaya masa ba ka jera su bisa ƙasa ba, ba ka jera su bisa launi ba, ka jera su ne bisa yadda aka buga su, kuma kowane iri kai ka raɗa masa suna. Akwai ɗan sassaƙa, wanda gwani ke zaunawa ya yanka zanen a jikin farantin ƙarfe, layi bayan layi, a cika ramukan da tawada, a danna takarda da ƙarfi har ta tsotso ta. Shi ne idan ka shafa za ka ji tawadar ta taso a ƙarƙashin yatsa. Akwai ɗan hatimi, wanda zanen ne ya taso a jikin ƙarfen, sai ya lotsa takarda, tawadar ta taru a bakin layi, idan ka juya bayansa ka ga shaida. Akwai ɗan ɗigo, wanda da ido sumul yake, amma a ƙarƙashin madubi duk ɗigo ne ƙanana, har gefen haruffan ya yi kama da haƙoran zarto. Sai ɗan shafe, wanda ba tudu ba rami, layinsa tsaf, launinsa a kwance.

Ka sha faɗa mana cewa hoton da ke jikin kan sarki na kowa ne, mai kallo da mai wucewa, amma bugun na mai tarawa ne. Shi ya sa a shafukan farkon zamanin naira da kwabo kake da hoto ɗaya sau biyu, ɗaya ɗan ɗigo, ɗaya ɗan shafe, gefe da gefe, don an buga su ta hanya biyu. Ka yi shekaru kana bin ambulan ɗin da mutane suka yar kafin ka haɗa kowane da ɗan'uwansa. Da idonka ya tafi, shafukan 'yan sassaƙa kaɗai suka rage maka. Ina wanke maka hannu in goge, in buɗe maka, ka ɗora yatsa a hankali, ka gaya mini wanne ne ba tare da kuskure ba. Kai da ka hana kowa taɓa su sai da hantsaki, a ƙarshe da yatsa kake ganinsu.

To ga abin da Injiniya Nasiru ya yi. Ya zazzage kundin gaba ɗaya a kan tabarma. Duk inda ya ga hoto ɗaya sau biyu, ya ɗauki wanda ya fi haske, ya tara ɗayan a leda da sauran shara, wai maimaici ne, tsufa ne ya sa kake ajiye abu bibbiyu. Masu kwasar bola sun wuce da su tun kafin in dawo. Sauran kuma ya sayo farin kwali babba, ya shafa musu gam, ya lilliƙa su a siffar taswirar Najeriya, shuɗɗa a wurin kogunan Neja da Binuwai, ya manna hotonka a tsakiya. Bai tsaya nan ba. Ya ɗauka ya kai shagon masu kwamfuta a Tudun Wada, aka tura shi cikin injin nan mai zafi da ke rufe takardar shaidar makaranta a leda. Wai laminetin. Wai yanzu ko ruwa ko gara ba abin da zai same su har jikoki.

Ai kuwa ba abin da zai same su. Me kuma ya rage da zai same su?

Ranar sadaka ya rataye shi a zaure, daidai saman kujerarka. Ka ga jama'a, Baba! Kowa sai ya tsaya ya ɗauki hoto da waya. Waɗanda da kana raye suke cewa Malam ya tsufa yana wasa da takardun yara, su ne ke dafa ƙirji suna cewa ashe dukiyar tarihi ce. Shi kuwa yana tsaye a gefe yana gyara hula, yana bayani da Turanci rabi da Hausa rabi, wai ya yi firizabin ɗin legasin Baba, wato ya adana abin da ka bari. Ko ɗaya daga cikinsu bai tambayi me ya sa ka tara su ba. Na tsaya a bakin ƙofa da tiren shinkafa a hannu, na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya, sai na ajiye tiren na koma madafa.

Abin da ya fi ba ni haushi, kuma ya fi ba ni dariya, shi ne wanda ya zaɓa ya sa a ƙarƙashin hotonka, a wurin girmamawa. Ka tuna koren nan na zamanin Turawa, jabun nan da wani ya taɓa yaudarar ka da shi kana saurayi, ka ajiye shi don koyarwa? Shi ne. Ya fi kowanne sheƙi, to dole ya burge Yaya. A cikin ɗaruruwan kan sarki na gaske, hannunsa bai sauka a kan komai ba sai na ƙarya. Ban yi mamaki ba.

Baba Gyang ya zo da la'asar, yana dogara sanda, don shi ma idon ya fara yi masa gardama. Yaya ya tare shi da fara'a, ya sauko da allon, ya ɗora masa a cinya, yana jiran yabo. Tsohon ya goge hannunsa a jikin riga kamar yadda kuka saba. Ya ɗora yatsa a kusurwa ya ja har ɗaya kusurwar. Ya sake ja. Leda ce kawai, sumul daga Sakkwato har Kalaba. Ya juya bayan allon ko zai ga wani abu, kwali ne. Ya miƙa wa Yaya kayansa, ya ce Allah Ya ji ƙan Malam, ya tashi. Yaya har yana gaya wa mutane wai daɗi ne ya hana tsohon magana.

Na raina shi, Baba. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya, amma na raina shi raini mai tsanani, kuma ban ga ranar da zan daina ba. Da sayarwa ya yi, da na ce kwaɗayi ne, aƙalla da sun faɗa hannun wanda ya san su. Amma shi so yake a gan shi yana son ka. Shekara arba'in kana magana a zauren nan, bai taɓa zama minti biyar ya saurara ba.

Yanzu saura nawa laifin, don ban rubuto don in wanke kaina ba.

Ka tuna gurbin da ke kusa da jabun nan, wanda ya zauna fanko shekara ashirin da biyar? Na gasken da ke wurin, ɗan sassaƙa, wanda ya ɓace ka kwana uku kana ɗaga tabarmi? Ni na ɗauke shi. Ina da shekara goma sha biyu. Haushi nake ji, don duk Asabar kan sarkin nan su ne 'ya'yanka, ni kuwa aikina kawo shayi in tsaya a bayan ƙofa. Na ce bari in ɗauke wanda ka fi so in ga yadda za ka yi. Da na ga yadda ka yi, tsoro ya hana ni mayarwa. Daga baya kunya ta karɓi aikin tsoro. Na naɗe shi a farar takarda na sa a cikin littafin lissafina, daga nan ya koma akwatin aurena. Sau nawa ina buɗe maka shafin nan, yatsanka ya bi ta kan gurbin ya wuce, ni kuma in haɗiye maganar? Na bari har ka tafi.

Asabar da ta wuce na hau Keke Napep na tafi Unguwar Boro. Na durƙusa a gaban Baba Gyang na gaya masa wasiyyarka, na gaya masa na kasa cika ta. Na ce daga cikin kundi guda, abin da ya tsira ɗaya ne tak, shi ma sata ce ta tsirar da shi. Na warware takardar na ɗora masa a tafin hannu.

Ya shafa sau ɗaya, sai ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ai ya daɗe da sanin ni ce na ɗauke wannan. Ya ce tun a satin da ya ɓace ka gaya masa. Wai ka ce ɓarawon da ya tarar da kore biyu iri ɗaya gefe da gefe, ya bar mai sheƙi ya ɗauki mai tudun tawada, ba ɓarawon waje ba ne, kuma ba Nasiru ba ne. Wai ka ce mutum ɗaya ne a gidan nan ke tsayawa a bayan ƙofa yana saurare. Ya ce ya ba ka shawarar ka tambaye ni, ka ƙi, ka ce a bar wa yarinya abinta, ta ci jarrabawa. Kuma wai ranar har tsire ka saya masa don murna.

Baba, shekara ashirin da biyar ina ɗauke da wannan abu, kai kuwa kana can kana cin tsire a kaina? Me ya hana ka faɗa mini? Ko kai ma jira kake in fara?

Ya ƙi karɓa. Ya ce wasiyya ta cika, tunda an kawo masa kuma ya taɓa, sauran kuma kyauta ce da mai ita ya riga ya bayar tun tuni. Ya naɗe shi da kansa ya mayar mini. Ya ce in riƙa zuwa ranar Asabar, nasa kundin yana nan, kuma yana bukatar mai ido.

Allon Yaya yana nan a zaure. Ban sauke shi ba, kuma ba zan sauke ba. Duk wanda ya shigo ya yaba, na san matsayin da zan ajiye mutumin. Jabun yana nan a ƙarƙashin hotonka yana ta sheƙi.

Na gasken kuma yana gabana yanzu a kan tebur. Na wanke hannu na goge. Na rufe ido kamar yadda ciwo ya rufe naka, na ɗora yatsa, kuma ga layukan nan duka, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kwanta.

Ka yafe mini jinkirin, na farko da na biyu. Allah Ya gafarta maka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Wannan takarda ba zan liƙa mata kan sarki ba, don guda ɗaya gare ni, kuma ba na bayarwa ba ne.

Sai mun zo.

'Yarka ta bayan ƙofa,
Rakiya