Sarƙar da Ka Binne Ni a Ciki

Malumfashi, 14 ga Nuwamba, 1983

Ya Sanda, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gona, inuwar da na fice daga cikinta da ƙafafuna, maƙerin da ya fi kowa iya hannu, ya kuma fi kowa rashin tunani!

Ina gaishe ka. Ƙanwarka Kulu ta kawo mini sarƙar azurfar da ka ƙera, tare da takardarka. Ka ce za a baje ta a Kaduna mutane su zo kallo, kuma tunda ni malamar makaranta ce, in rubuta maka bayanin fallaye bakwai da ke rataye a jikinta. Ka ce sunanta “Garin da Ya Shuɗe”.

Na shimfiɗa ta a cinyata, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga tsamiyar bakin marina, wadda aka sare lokacin faɗaɗa titi. Ga rijiyar unguwarmu, har da gurbin da igiyar guga ta ci a bakinta; yanzu an cike ta, mai faci ne ke zaune a kai. Ga rumbun kakanka. Ga jakunan da ke kai auduga kasuwa kafin manyan motoci su ƙwace musu aiki. Wallahi sai da na ji warin baban rini a hancina, hawaye suka zubo. Wane irin hannu Allah Ya ba ka, da azurfa ke tuna abin da mutanen gari suka manta?

Sai na zo falle na bakwai. Ƙofar zauren mahaifina ce, da yarinya tsaye, littafi a ƙirjinta, ɗan kunne ɗaya tak a kunnenta.

Sanda! Ni ka jera da rijiyar da aka cike? Yaushe aka yi jana'izata ba a gaya mini ba? Ina nan da raina, shekara arba'in da huɗu, da furfurata da ciwon gwiwata, kullum ina bi ta inda tsamiyar take in tafi makaranta. Ka binne ni a azurfa, sannan ka aiko in rubuta wa kaina ta'aziyya!

Amma fushin nan rabinsa da kaina nake yi. Na san ranar da ka zana. Ɗan kunnena ya karye, ka gyara, ka kawo da kanka, ka ce kana so ka ƙera mini na aure. Na dubi hannunka, baƙi ƙirin da gawayi, na ce 'yar kwaleji ba ta zaman gidan hayaƙi. Ka mayar da ɗan kunnen aljihu, a makon ka hau jirgin ƙasa a Funtuwa ka tafi. Tun daga ranar na karanta littattafai sun cika akwati uku, babu wanda ya koya mini yadda ake janye magana. Na yi aure, na yi takaba, na aurar da 'ya. Ɗaya ɗan kunnen yana nan cikin gwangwanin allurata, shekara ashirin da biyar yana jiran ɗan'uwansa.

Ya hasken farin watana, na rubuta bayanin fallaye shida, da kyau kuwa, ba za ka ji kunya ba. Na bakwai na ɓalle shi da almakashi. Kulu za ta dawo maka da sarƙar da giɓi. Duk wanda ya tambaya, ka ce wannan ba ta shuɗe ba, tana Malumfashi tana masifa.

In kana son fallenka, ba zan aika ba. Ka zo da ƙafarka, ka taho da ɗan kunnena in har ba ka narkar da shi ba. Kada ka wanke hannunka saboda ni.

Taka, wadda ta yi latti amma ba za ta sake juya baya ba har ranar da za a binne ta da gaske,

Shafa'atu