Kifin da Ya Juya Baya

Ukerewe

Jikata Nyanjura,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana shiga. Kakarki tana gaishe ki, wai har yanzu wake suke ɗura muku safe da yamma a makarantar kwanan?

Ni dai na sha kunya. Kin san hannuna ya soma rawa. Da kawunki Bwire ya kawo sabon kwalekwalensa in zana masa giwan ruwa gefe da gefe, sai na yanka siffar kifin a kwali, don in ɗora in bi da fenti. Gefen dama ya fito tsaf, kai yana kallon gaba. Na zagaya hagu na ɗora kwalin, na shafa. Ina ja da baya sai ga kifi yana kallon gindin jirgi! Masunta har da riƙe ciki don dariya. Maƙwabcinmu Magesa, mai bakin nan, ya ce, "Tsoho, wannan ya hango tarun Bwire ne ya juya?"

Tun ina saurayi nake aikin nan, ban taɓa yin haka ba. Abin ya yi mini ciwo. Ashe ba hannu kaɗai ba, kan ma ya tsufa. Na ce wa Bwire ya nemi wani, ni na ajiye buroshi.

Ki zauna lafiya.
Kakanki, Mafuru

Mwanza

Kaka,

Ina gaishe ka da ladabi, kai da Kakata. Na yi dariya, daga baya kuma na yi hawaye. Don Allah kada ka ajiye komai.

Makon jiya Malama Kabula ta ja layi biyu a allo, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ta zana tuta a dama, ta ce mu ɗauki layin tsayen nan madubi ne, mu fitar da hoton tutar a hagu. Kusan duk ajin muka kwashe ta muka kai hagu yadda take. Malama ta ce, "Kun matsar da ita ne, ba ku juya ta ba!" Ɗigon da ke taki uku dama taki uku hagu zai koma, tsayinsa bai canza ba. Na kusa da layi ya zauna kusa, na nesa ya zauna nesa.

Hancin kwalekwale shi ne layinka, Kaka. Ka kife kwalin kawai, fuskar da ta taɓa katako ta koma tana kallonka. In wannan kuskuren tsufa ne, to ajinmu duk tsofaffi ne.

A gafarce ni in na yi rashin kunya.
Nyanjura

Ukerewe

Nyanjura,

Muna lafiya. Na goge, na kife, na shafa. Bwire ya shiga ruwa da kifi biyu, duk suna kallon gaba. Jiya Magesa ya jawo nasa jirgin yana sosa ƙeya, na ce ya jira, hannuna na rawa.

Ki gaishe mini da tsofaffin ajinku.
Kakanki