Ƙorafi Kan Dokar Tambaya Uku da Abin da Ta Jawo wa Josiah Shekwolo

Malam Ndagi Ndatsu,
Gida na 14, Layin Tsamiya,
Kpakungu, Minna.
Talata, 20 ga Maris, 2012.

Zuwa ga
Mai Girma Shugaba,
Alhaji Muhyiddeen Alfa,
Ƙungiyar Masu Gidaje da Tsaro ta Layin Tsamiya,
Kpakungu, Minna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TSARE JOSIAH SHEKWOLO DA AKA YI SAU BIYU, DA HUKUNCIN TARON 17 GA MARIS

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ina neman izinin gabatar da koke game da abin da ya sami maƙwabcina da ke gida na 16. Matan bakin famfo suna kiransa wanda ya mutu ya dawo. 'Yan acaɓan bakin titi sun sa masa Ba-Sabis, domin in an yi masa magana sai an jira. 'Yan sintirinmu kuwa cewa suke yi ya taɓu. Kafin bara duk layin nan Oga Josiah mai walda ake ce masa, kuma shi ya ƙera ƙofar ƙarfen shiga layin nan, wadda ake tare shi a bakinta yanzu.

A yi haƙuri da rubutuna. Sai da na wuce shekara hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ban saba magana a taro ba. Abin da na gani da wanda na ji ne zan faɗa.

1. Ranar 6 ga Afrilu, 2011, Josiah ya faɗo daga kan ƙarfen tankin ruwa da yake haɗawa a Barkin Sale, kansa ya bugu da siminti. Kwana goma sha tara bai san inda yake ba. Da aka sallamo shi bai gane matarsa Rose ba, cokali ma sai an riƙe masa. Tun daga Yuli nake zama da shi kullum bayan la'asar a kan bencina. Yau yana wanka da kansa, yana zuwa coci, ya fara gyaran murhun gawayi a ƙofar gida. Hankalinsa yana nan, ranka ya daɗe. Maganar ce take makara. Na sha ƙirgawa a zuci: in an tambaye shi abu, yakan kai arba'in ko hamsin kafin amsa ta fito, kuma in ta fito daidai take. In aka daka masa tsawa sai ta maƙale gaba ɗaya.

2. Saboda halin tsaron da ake ciki, Ƙungiya ta kafa doka a Janairu cewa duk wanda aka tare a ƙofa za a tambaye shi sunansa, da gidan da za shi, da sunan mai gidan. In an tambaya sau uku bai amsa ba, a busa usur, kuma duk wanda ya ji ya busa nasa ya fito. Na ɗaga hannu na amince da dokar a ranar. Amma ba a faɗi tsawon jiran da za a yi tsakanin tambaya da tambaya ba. Yadda 'yan sintiri ke jero su, ukun ba sa kai numfashi biyu.

3. Ranar Talata, 21 ga Fabrairu, wajen ƙarfe goma na safe, wani sabon ɗan sintiri ya tare shi yana dawowa daga tattakin da likita ya umarce shi ya riƙa yi shi kaɗai. Aka zaunar da shi a ƙasa cikin rana har sai da Rose ta baro rumfarta ta zo. Ta miƙa wa Kwamanda Ndanusa, shugaban 'yan sintiri, takardar asibiti. Bai buɗe ba. A gabana ya ce mata, "Madam, mu ba likita ba ne. In injinsa bai tashi ba, ki ajiye shi a gareji." Aka yi dariya. Josiah ya ji, kuma ya gane. Kwana huɗu bai fito benci ba.

4. Ranar Jumma'a, 9 ga Maris, yana dawowa daga asibiti wajen masu motsa masa hannu da ƙafa, da ledar magungunansa a hannu, jiri ya ɗebe shi daidai katangar masallaci ana gab da sallamewa. Ya tsaya ya dafa bango. Mutum a tsaye da baƙar leda a jikin masallaci, bai shiga sahu ba, an tambaye shi bai amsa ba: Shugaba ya san abin da wannan ke nufi a bana. Aka busa usur, layi ya ɗauka. Waɗanda suka fara isa gare shi baƙi ne da suka zo Jumma'a daga wasu unguwanni, ba su san shi ba. An fasa masa leɓe, an yaga rigarsa, sanda ta same shi a kafaɗa, tazarar yatsa huɗu daga wurin da aka ɗinke masa kai. Likita ya riga ya gaya wa Rose cewa wurin nan ba zai ɗauki bugu na biyu ba. Liman ne ya ratsa mutane ya rufe shi da babbar rigarsa.

Da aka watse na ga tsohuwar taya a bakin kwata, da galan a gefenta. Ba wurinsu ba ne, da safe babu su. Har yau ba wanda ya tambayi wanda ya kawo su, kuma tayar tana nan inda aka yar da ita. Kullum sai na wuce ta in zan tafi masallaci.

5. A taron Asabar, 17 ga Maris, wanda Shugaba bai samu halarta ba saboda tafiya, an yanke cewa kada Josiah ya ƙara wuce ƙofa, in kuma ya wuce, abin da ya same shi ba ruwan Ƙungiya. An kuma ce mai gidan da suke haya ya ba su shawara su koma ƙauye. Ba a kira shi ba, ba a kira matarsa ba. A ƙauyensu babu asibitin da zai ci gaba da duba shi. Kalmar "ba ruwan Ƙungiya" kuwa ta riga ta zaga layi, kuma na ji yadda matasa ke maimaita ta a teburin mai shayi. Ba kamar gargaɗi suke faɗinta ba.

Jumma'a mai zuwa, 23 ga wata, yana da ganin likita. Hanya ɗaya ce, kuma lokacin dawowarsa shi ne lokacin sallah. Ya ce zai je.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma Shugaba, da girman kujerarsa, ya soke hukuncin 17 ga Maris kafin ranar Alhamis. A tara 'yan sintiri duka, tsoho da sabo, a nuna musu Josiah ido da ido, a karanta musu takardar likita. A gyara doka ta yadda za a jira minti ɗaya cur bayan kowace tambaya, ga kowa, domin akwai kurame da tsofaffi a garin nan. A roƙi Liman ya yi wa jama'a bayani kafin huɗuba. Sannan a binciki maganar taya da galan, a ɗauke su daga inda suke.

Saura abu ɗaya, kuma ina roƙon in za a karanta takardar nan a taro kada a tsallake shi. Ranar 9 ga Maris ina sahun waje. Da na ji usur na farko ban ɗaga kai na duba ba. Na sa hannu a aljihu na ciro nawa na busa, kamar yadda doka ta ce, har sau uku, da duk ƙarfina. Sai da na kutsa cikin mutane na ga takalminsa a ƙasa. Kwana goma ina zama da shi a benci ban iya faɗa ba.

Jiya bayan la'asar na faɗa, a gaban matarsa. Na ce, "Josiah, ina cikin waɗanda suka busa. Na cuce ka. Ka yafe mini." Na jira, ban ƙirga ba wannan karon. Can ya ce, "Na gan ka, Baba." Na sake jira. Ya ce, "Jumma'a ka raka ni."

Zan raka shi. Na haɗa usur ɗina da wannan takarda, a mayar wa Ƙungiya. In aka busa ranar Jumma'a, mu biyu za a tarar a jikin katangar.

Ina jiran matakin Shugaba cikin ladabi da biyayya. Allah ya ba shi ikon yin adalci, ya tsare layinmu daga abin da za mu yi da hannunmu.

Naka mai biyayya,

Ndagi Ndatsu
Mai gida na 14, Layin Tsamiya.