Kada a Soke Sunan Jikata Saboda Kwaɗayina

Zuwa ga Shugaban Sashen Koyar da Ilimin Abinci da Lafiyar Jiki na Jami'a, ta hannun jarida.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da malaman da ke ƙarƙashinka, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Audu Maƙeri, a Tudun Ƙofa nake cikin garin Keffi. Ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa. Maƙwabcina Malam Dauda, tsohon malamin firamare, shi ke riƙe da alƙalami, kuma na gaya masa in ya sassauta mini magana ko ɗaya ban yafe ba. Na biyo ta jarida ne don ban san ƙofar ofishinka ba, lokaci kuwa ya ƙure.

Ni ne kakan Asabe, ɗalibarku ta shekarar ƙarshe, wadda kuka aiko wa takarda cewa in ba ta koma kafin ƙarshen wata ba za a soke sunanta. Yau mako bakwai da komawa karatu tana gida. Zan faɗi dalili, amma bari in fara amayar da abin da ya daɗe yana cin raina.

Na farko, maganar likita. Ubanta ya rasu tana goye, a hannuna ta tashi. Da na sa ta boko, 'yan'uwana sun shekara ba su taka gidana ba. Ranar da ta sami jami'a na bi kasuwa rumfa-rumfa ina shelar jikata za ta zama likita. Ta zo hutun farko na ce ta nuna mini allurarta, sai ta ce ita ba ta allura, abinci take karantawa. Abinci! Shekara huɗu a jami'a a kan abin da kakarta ke yi da muciya ba digiri. Har yau in na wuce ta wajen mahauta sai wani ya ɗaga murya ya tambaye ni lafiyar likitar tuwo. Wannan kunyar ku kuka jawo mini.

Na biyu, maganar dunƙulen hannu. A hutun nan da ya wuce na yanke jiki na faɗi a maƙera, asibiti suka ce ciwon sukari ne. Tun ranar Asabe ta ƙwace madafi daga hannun kakarta. Shayina mai ƙwayar sukari biyar ya koma ruwan ganye. Sakwara kuwa, a garin da doya ke kwance a kasuwa kamar itace, sai dai in ji dakanta a maƙwabta. Acca take aikawa a sayo daga Gitata, ta dama mini zogale a kai. Wai littafinku ya ce malmalar tuwo kada ta wuce dunƙulen hannu. To, ranka ya daɗe, hannun wa? Ita da nata take aunawa, ɗan mitsitsi kamar ƙwan zabo. Ni na yi shekara hamsin ina ɗaga masaba, nawa ya yi biyun nata har da ƙari. Cikin nawa ne, ciwon nawa ne, don me za a auna da hannun wata? Ina son hukunci a rubuce.

Na uku, kuma nan ne bakina ke nauyi. Kun ba ta wata siririyar kwalba da wani shuɗin ruwa. Kowace safiya sai ta ɗiga fitsarina a ciki, ni kakanta, ta kara a wuta. In na bi doka ya tsaya shuɗi. In na saci wani abu ya koma kore, ko rawaya, ko ja kamar jar ƙasa. Ban taɓa ganin magulmaciya irin kwalbar nan ba. Ana saura kwana biyu ta koma makaranta, ta riga ta ɗaure akwati, wani abokina ya kawo mini rake daga Panda. Na ɓuya bayan zugazugi na sha gaɓa huɗu, na binne ɓawon a toka. Da safe kwalba ta yi jajir. Asabe ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Zama ta yi a kan turmi ta yi kuka, sannan ta tashi ta kwance akwatin. Ta ce kakarta ba ta iya hana ni komai, ranar da ita Asabe ta juya baya da bakina zan kashe kaina. Takardarku ma ɓoye ta ta yi, kakarta ce ta tsince ta a ƙarƙashin tabarma na kai wa Malam Dauda ya karanta mini.

Dalilin ke nan. Ba wasa da karatu take ba, gadin tsoho mai taurin kai take yi.

Gaskiya kuma ba zan danne ta ba ko da ina fushi. Ƙishirwar da ke hana ni aiki ta tafi, gyambon ƙafata ya kame, idona ya washe. Matan unguwa na kawo mata yaransu masu kumburin ciki da jan gashi, tana nuna musu kunun gyaɗa da wake, na ga biyu sun miƙe suna gudu. Ban ce na janye maganar allura ba, amma na gani.

Ga roƙona. Ku ƙara mata mako guda, ku karɓe ta, ku bar ta ta zauna jarrabawa da 'yan ajinsu. In hukunci ya zama dole, ku aiko mini shi nan Tudun Ƙofa. Na kuma yi abin da zai sa ta tafi da kwanciyar rai. Na sa ido na koyi aikin kwalbar. Launin abu a wuta shi ne karatuna, da ido nake sanin ƙarfe ya nuna. Yau kwana goma ni nake kara ta a wuta da kaina, shuɗi yake fitowa. Na yi rantsuwa a gaban limamin unguwarmu, Malam Dauda kuma zai riƙa rubuta mata launin kowace Juma'a, ya ce ba zai rufa mini asiri ba.

Ke kuma Asabe, ba ki san na yi wannan ba, a jarida za ki gani. Tashi ki ɗaure akwatinki. Ban ɓata da 'yan'uwana don ki ƙare a gadin kwanon mutum ɗaya ba. Ki je ki karɓo takardarki, ina nan da rai in Allah ya so, da ƙafata zan zo in ga an miƙa miki ita.

Allah ya ja zamaninka, ranka ya daɗe, ya albarkaci zuriyarka, ya ba ka jika mai tsare maka kwano ko kana zaginta.

Wassalam.

Audu Maƙeri, Tudun Ƙofa, Keffi, da dangwalen yatsansa.