Ranar da Na Miƙa Mata Tsintsiya

Litinin, 6 ga Oktoba

Kwalin littattafai ya iso daga wata ƙungiya. Labaran yara masu zane-zane, kowanne a kan mutanen wata ƙasa. Hedimasta ya raba kamar mai raba gado, ajina na uku ya samu guda huɗu. Yara sittin da takwas, littafi huɗu. Dole in ɗaga shi sama in bi layi-layi, na baya suna ta miƙa wuya. Amma kai, zanen ya yi kyau. Rabon da in ji ɗokin shiga aji har na manta.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Baƙuwar yarinyar nan da aka kawo mini farkon zango har yau ba ta ɗaga hannu ba. Tana jin magana, amsawa ce ba ta yi. Bencin ƙarshe, gefen taga, jakarta a kan cinya kamar wadda za a kira yanzu ta tafi. Yau ina duba takardarta na ga ƙasar da suka fito, sai na tuna ɗaya cikin littattafan a kan mutanen can ne. Labarin wata yarinya da gidansu ke kan ruwa, tana tuƙa kwalekwale zuwa makaranta, kifi ko'ina, kowa baki har kunne. Na ce shi ke nan, na samo abin da zai buɗe mata baki.

Litinin, 13 ga Oktoba

Mai duba makarantu zai zo gobe, kuma ajina Hedimasta ya zaɓa. Tun a kwaleji aka cusa mana cewa darasin da ba abin nunawa a cikinsa rabin darasi ne: in dutse za ka koyar, ka kawo dutse. A shirin darasi, gurbin kayan koyarwa, na rubuta: littafi, allo, ɗaliba 'yar ƙasar. Hedimasta ya sa hannu har da jinjina kai.

Talata, 14 ga Oktoba

An yaba mini. Na karanta, na zagaya da zanen, sannan na ce wa yara muna da 'yar can a cikinmu, na kira ta gaba. Ta daɗe kafin ta taso. Na ɗauko tsintsiyar aji mai doguwar sanda na miƙa mata, na ce ta nuna mana yadda ake tuƙa kwalekwale a garinsu. Ta dube ni, ta dubi baƙon, ta karɓa. Ta yi sau uku ko huɗu, kanta a ƙasa. Na sa aka tafa mata. Mai duba ya ce da haka sauran malamai ke yi da an wuce wurin. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye wa kaina ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Sun raɗa mata suna 'Yar Kifi. Na ji da kunnena a lokacin tara.

Laraba, 22 ga Oktoba

Abin ya wuce suna. In ta wuce sai su toshe hanci. Masu sharar aji sun yi layi da tsintsiya suna tuƙi a bayanta har bakin ƙofa. Na zane uku, na sa biyar durƙuso, na yi faɗa har muryata ta dushe. Wata 'yar mai bakin tsiya tana kuka tana cewa ai Malama ce ta ce a tafa. Na ƙara mata bulala ɗaya. 

Litinin, 27 ga Oktoba

Baƙuwar ba ta zo ba. Juma'a ma ba ta zo ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na faɗa wa Hedimasta. Ya ce irin waɗannan baƙin yau suna nan gobe ba su, kada in ɗora wa kaina. Takardar yabon da mai duba ya aiko tana manne a bangon ofishinsa, bisa kansa daidai, da sunana a jiki. Na kasa kallonta, na kasa daina kallonta. Malamar aji huɗu ta ce in mayar da littattafan kwali in koma wa allo da alli, su ba su taɓa korar ɗan kowa ba. Shekara goma sha huɗu ina aikin nan, ban taɓa jin ban iya shi ba sai makon nan.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na je gidansu. Uwar tana da ɗan shagon ɗinki a wani lungu bayan tashar mota, keke ɗaya, benci ɗaya, labule ya raba shago da ɗakin kwana. Na tafi da littafin, wai don in nuna mata ba mugun abu a ciki. Har yanzu ina mamakin wautata.

Ta ba ni wuri, ta kawo ruwa. Ta buɗe littafin shafi-shafi, ba gaggawa. Ta ce zanen ya yi kyau, kuma akwai masu zama haka a can, ta taɓa ganinsu a talabijin. Su kuwa kafin su taso a bene hawa na huɗu suke zaune, tsakiyar birni, yarinyar a motar makaranta take tafiya. Sai ta rufe littafin ta ce, a Hausarta mai tsinkewa:

"Malama, sau ɗaya ta taɓa shiga jirgin ruwa. Ranar da muka gudu. Mu huɗu muka shiga, mu biyu muka fito."

 Na fara cewa ban sani ba, ta ɗaga hannu. Ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce ita ma shekara tara ta yi tana koyarwa kafin abin ya faru, ta san yadda ake in baƙo zai shigo aji.

"Na san gurbin da kika cike da ita. Da kin tambaye ta kwana ɗaya kafin nan, da ta faɗa miki."

Na roƙe ta ta bar yarinyar ta dawo. Na ce zan sauya mata aji, zan tsaya a kanta da kaina. Ta ce ba ita ta hana ba. Kullum da safe tana goge mata kayan makaranta ta ajiye, yarinyar ce ke naɗe su ta mayar. Ina jin motsi a bayan labule, amma ba ta fito ba.

Na baro littafin a bencin, ban ma lura ba. Uwar ta biyo ni da shi har bakin titi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Allo da alli. Yara suna tambaya yaushe za a yi littafi, na ce su rufe mini baki. Ni kaina na gaji da jin muryata.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Hedimasta ya tsaya a kaina sai da na ja layi a kan sunanta a rajista, wai ƙa'ida ce. Na ja. An riga an tura wata bencinta.

Bayan tara na ɗauko wani littafin, na mutanen ƙasar ƙanƙara, ban san dalili ba. Ban kai shafi na uku ba wannan mai bakin tsiyar ta ɗaga hannu, da gaske take, ba tsokana ba: "Malama, yau wa za a fito da shi?"

Na sauke littafin. Na ce ba kowa, kuma ba za a sake ba. Na ce musu yarinyar da ke cikin wancan littafin daban, wadda ta zauna gefen taga daban, kuma ni ban san komai game da ita ba ranar da na kira ta. Na ce kafin kowannensu ya taɓa tsintsiya, ni na fara miƙa ta. Ba haƙuri na ba su ba, bayani ne kawai. Daga nan aka kaɗa ƙararrawa.

Da aka tashi na bi ta lungun shagon. Yarinyar tana bakin ƙofa tana tsince maɓallai a faranti. Ta hango ni ta shige labule. Na gaida uwar, ta amsa ba ta tsayar da keke ba. Ban ce komai game da makaranta ba, na wuce.

Gobe ma ta nan zan bi. Hanyar ta fi inuwa.