Littafin da Kawu Ya Zaɓa

Wara, daren Laraba.

Yau ma na je karanta wa Kawu Sale, ƙanen Inna. Tun da jirgin ruwa ya kife da ɗansa Bala ya rasu, Kawu ya daina fita kamun kifi, ga ido ya yi rauni.

Na fara da littafin soyayya. Ni kaina ya ishe ni, kowa a ciki da mota, ba mai jin yunwa. Ban gama shafi ba ya yi hamma. Na biyu tarihin rayuwar wani tsohon ma'aikaci ne. Rubutun da daɗi, amma mutumin tun haihuwa bai taɓa kuskure ba. Kawu ya ce, "Wanga ko maroƙi bai buƙata."

Na ukun nawa ne na coci, yana dai cikin jaka. Wani fasto ya rubuta bayan rasuwar 'yarsa, rabinsa wa'azi, ga maimaici. Kawu Musulmi ne, na san abin da za a ce. Shi ya matsa in karanta. Na karanta inda faston ya ce har yau ƙosan mutum huɗu yake saye, alhali su uku suka rage. Matar Kawu ta leƙo, ta ga gicciye a bangon, ta ɗaure fuska.

Zan tashi ya riƙe hannuna. "Ki dawo da shi gobe, ɗiyata. Tsallake wa'azin, ina da malamaina. Wurin ƙosan za ki maimaita."

Inna ta ce kada in koma da shi. Ban fitar da shi daga jakar ba.